Kwamfutar Kawu Ta Ƙi Kawo Hoto

Ranar addu'ar uku ta Kawu ina zaune a tsakar gida cikin mata, amma kunnena yana zaure. Katangar ba ta da tsawo, duk abin da maza ke faɗa yana tsallakowa. Wani tsoho mai sayar da irin albasa, wanda ya taso tun daga Aliero, shi ya fi kowa murya. Ya ce shekarun baya ya taɓa zuwa wurin Kawu a fusace, ya ce a buga masa wasiƙa zuwa ga ƙanensa a kan wata fadama ta gado, kuma kowane zagi a sa shi yadda ya fito daga bakinsa. Kawu ya ce to. Shi yana zubawa, Kawu yana bugawa. Sai da ƙanen ya zo har gida da ƙullin goro yana ba shi haƙuri, sannan ya gane cewa gaisuwa aka aika da tambayar lafiyar yara, maganar fadama kuwa layi ɗaya ta samu. Zaure ya ɗauki dariya, can kuma wani ya ce a yi wa mamaci addu'a.

Wani dattijon Fulani daga wajen Maiyama ya ce shi bai taɓa ganin mai tambaya irin Mai Tafireta ba, sunan da duk Jega ke kiran Kawu da shi ke nan. Ya ce ya taɓa tsare shi a kasuwar shanu tun hantsi har azahar, yana tambayarsa sunayen rijiyoyi da inda tsohon burtali ya bi, har cinikin da ya kawo shi ya wuce shi. A cikin gida kuwa wata magana mata suke yi. Wata ta ce mutumin kirki ne, sai dai bakinsa da nauyi. Wata ta ce ita tun da aka kawo ta unguwar ba ta taɓa ganin haƙoransa ba. Hajiya, matarsa, tana gefe cikin kayan takaba, tana jan carbi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na yi makaranta, kuma shi ya ɗora yatsuna a kan haruffa tun ban san amfaninsu ba. Aikin da nake ci da shi yau, koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Aliero, daga ɗakinsa ya samo asali. Waɗanda ke zaure da wasiƙu suka san shi. Kaɗan ne suka san cewa ya kwashe shekara goma sha biyar yana buga littafi guda, tarihin zuriyarmu da na garuruwan da muka fito, kuma littafin ba ya ko'ina a duniya sai cikin kwamfutarsa. Ni na sani, shi ya sa tun ranar jana'iza hankalina bai kwanta ba.

Akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, amma yatsunsa ba su taɓa yarda da ritayar ba. Ko hira ake yi za ka ga suna motsi a kan gwiwarsa, kuma mahaifiyata ta sha rantsewa cewa abin da kake faɗa yake bugawa. Da ya bar aiki ya gyara ɗan ɗakin da ke jikin zaurensa a unguwar Jega Magaji, ya sa tebur da benci, mutane suna zuwa yana buga musu takardun neman aiki da na koke. Lokacin da tafireta ta fara zama abin dariya ya kusa shekara sittin. Bai yi gardama da zamani ba, ya sayo tsohuwar kwamfuta ta tebur, ya zauna ya koya. Sai dai har ya bar duniya bai daina dukan haruffa da ƙarfin tafireta ba. Daga bakin titi kana jin sa.

Gyara kuwa kunya ce ta koya masa. Da farko in ta lalace sai ya rungume ta a mota har Birnin Kebbi. A zuwa na biyu mai gyaran ya danna waya ɗaya kawai, hoto ya kawo, mutanen shagon suna kallo. Kawu ya dawo bai gaya wa kowa ba sai bayan shekaru, washegari ya nemo sukudireba. Kafin a ankara har ana kawo masa na wasu. Tasa kuwa ba kyan gani. Ya cire wa akwatin murfin gefe saboda zafi, ya ɗaure wayoyin ciki da robar tsohon tayan mashin, ya ɗora shi a kan bulo biyu ƙarƙashin tebur, ya kafa masa 'yar fanka. Shi yana gumi, akwati yana shan iska. Na taɓa tsokanarsa cewa ya fi tausayin na'urar nan a kan Hajiya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Hajiya tana iya hita ta sha iska. Wagga ba ta iyawa."

Lokacin da yake koya mini, da zarar allo ya ƙi kawo hoto sai hannuna ya kai ga sukudireba, shi kuma sai ya buge hannun. "Ki hwara daga bango," haka yake cewa. "Akwai wuta? Waya ta zauna? Allon shina da lahiya? Sai kin gama da na waje kana ki buɗe ciki." Ba ya ƙara ko kalma a kan wannan. Zai harɗe hannu ya tsaya a kanki, in kin tsallake mataki ɗaya ya yi gyaran murya, ki koma farko.

Asalinmu ƙauyen Giwa Tazo ne, kakanmu ya baro can ya zauna a Jega saboda kasuwar hatsi. Daga tambayar wannan tasowar littafin ya fara, sannan ya yi ta faɗi. Kawu yakan hau tsohon mashin ɗinsa ya tafi ƙauye, ya zauna gaban tsofaffi wuni guda: wa ya haifi wa, wa ya fara shuka albasa a fadama kaza, wace shekara aka yi yunwar da ta raba gida kaza biyu, wace ruga ce ta fara zama kusa da mu har aka yi auratayya. Yana rubutawa a bayan takardun da suka ɓaci. In ya dawo ya buga, sai ya yaga rubutun hannun. A ofis aka koya musu haka, wai da zarar an buga takarda a yaga daftarin, kada a samu magana biyu. Yagaggun kuma Hajiya ke hura wuta da su. Tsofaffin nan suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka yi masa rasuwarsa sai ya yi addu'a, sannan ya ce, "Na dai riga na ɗauki nashi."

Bai taɓa yarda a buga littafin a takarda ba. Ya ce in mutane suka ga rabi, wanda bai ga kakansa a ciki ba zai zo da faɗa, sai an gama. Filash kuma, ɗan abin nan da ake kwafar aiki a ciki, ya haramta shi a ɗakinsa tun ranar da na wani ɗalibi ya sa masa cutar da ta cinye aikin wata guda. A kan wannan muka ɓata. Shekara biyu kafin rasuwarsa na zo da sabon filash, ko ledarsa ban yaga ba, na ce ya bari in kwafa. Ya ce a'a. Na yi bayani, na yi lallashi, ya ci gaba da bugunsa kamar ba da shi nake ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Kawu, in ka mutu fa?"

Ya ɗaga hannu daga haruffa. Ya ce, "To ke kika zo ki sa min rana?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce, "Ni nik koya miki, ba ke kik koya min ba. Jawo min ƙohwa in kin hita."

Na ja ƙofar. Ina da irin taurin kansa, a wurinsa na gada. Na ci gaba da zuwa gaisuwa, da salla ina kai masa turare, yana amsawa lafiya lau, amma ban sake taka ɗakin nan ba. Wata guda kafin ya kwanta ya kira ni a waya, abin da ba ya yi. Bayan gaisuwa ya ce, "Ki taho da abin nan naki." Na gane filash yake nufi, na kuma gane abin da faɗin haka ya ci masa. Na ce masa muna cikin jarrabawa, da an gama zan zo. Ciwon suga ya kayar da shi kwana huɗu kafin a gama jarrabawar, bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Wannan ita ce maganar da nake kwana da ita nake tashi da ita, kuma babu wanda zai iya sauke mini ita.

Bayan addu'ar bakwai na koma Aliero. Na gaya wa kaina cewa ba daidai ba ne a fara taɓa kayan mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Gaskiyar ita ce tsoron ɗakin nake ji. Sai da aka yi mako uku Hajiya ta aiko a kira ni.

Na same ta a ɗakinta da hantsi. Ta sa aka jawo abu biyu daga ƙarƙashin gado. Allon kwamfutar Kawu ne, ta naɗe shi da sabon zane har ninki biyu, sai kuma wani akwati baƙi, mai tsabta, murfinsa a rufe. Ta ce ƙanen Kawu, wanda muke kira Kawu Ƙarami, shi ya kwashe ɗakin washegarin jana'iza don baƙin Giwa Tazo su samu wurin kwana, ya kawo mata waɗannan ya ce ta adana.

Ta ce, "Ɗiyata, kin san Kawunki ba shi da magana. Shekara arba'in da ɗori, ban taɓa jin yac ce min na kyauta ba. Ko tuwo ya yi daɗi sai dai shi cinye shi tashi. Allah bai ba mu haihuwa ba, bai taɓa ce min uffan ba, ban san ko haƙuri na ko hushi na ba. Amma bara da damina ina shara bakin ɗakinai, yac ce, na sa ki cikin littahin. Nic ce, mi kar rubuta? Yac ce in ya gama ɗiyarki ta karanta miki. To ga shi ya tahi. Ina son in ji."

Na dubi akwatin. Ba shi na sani ba. Na tambaye ta ko Kawu ya sake kwamfuta, ta ce ita ba ta shiga ɗakin, wannan dai aka kawo mata. Na ce a raina shekara biyu ba kwana biyu ba ce, tsohon ya gaji, ya samu mai kyau ya mayar da aikinsa ciki. Na yarda da wannan don ina son in yarda.

Babu wuta, sai muka jawo waya daga janareton maƙwabta. Na ɗora allon a kan tebur, na haɗa komai, na danna maɓalli. Fitilar akwati ta kama, fankar ciki ta fara juyawa. Allon ya yi ɗan haske, ya nuna cewa babu abin da ke iso masa, sannan ya koma baƙi, 'yar fitilarsa ta zama ruwan goro. Hajiya ta matso da tabarmarta.

Na fara daga bango, yadda aka koya mini. Wuta akwai, tun da ga fanka tana gudu. Na cire wayar wutar allo na sake dannawa. Na zare igiyar hoto, mai shuɗin kai, na duba 'yan tsinkayen bakinta ɗaya bayan ɗaya ko wani ya lanƙwashe. Duk a miƙe suke. Na hure, na mayar, na ɗaure kusoshinta biyu tam. Baƙi. Na ɗauko wata igiyar da na zo da ita daga makaranta, na gwada. Baƙi. Sai na ce bari in tabbatar da lafiyar allon kansa, na haɗa shi da 'yar kwamfutar hannu ta wurin aikina. Nan take hoto ya kawo, ga rubutu ga komai.

Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi. Ga shi nan." Har ta gyara zama, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa kamar shi ne ya shigo.

Sai da na yi mata bayani cewa wannan rubutuna ne, jadawalin darasi, allon aro kawai ya yi. Ta ce, "To nashi hwa? Ba cikin gilashin shi ke ba?" Na ce a'a, Hajiya, gilashin taga ce kawai, rubutun yana cikin akwati. Ta dubi zanen da ta naɗe allon da shi.

Na koma kan akwatin. Na kashe shi, na zare wayar wuta, na danne maɓalli na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, na sake kunnawa. Fanka ta juya, allo baƙi. Na kasa kunne ko zan ji 'yar ƙarar da lafiyayyar kwamfuta ke yi in ta tashi, ban ji ba. Na waje ya ƙare, sai ciki. A irin wannan matsalar yawanci wani siririn allo ne kore, wanda masu gyara ke kira ram, yake sassautawa ko ya yi datti. Ka zare shi, ka goge bakinsa da magogin fensir, ka mayar, hoto ya dawo. Na yi wa ɗalibaina wannan ba adadi. Har magogin na zo da shi a jaka.

Na ɗauko sukudireba, sai na ga ba a buƙatarsa. Murfin ba kusa ko ɗaya, turawa kawai na yi ya zame. Ramukan da ram ke zama duka biyu wayam suke. Shi ya sa ba hoto, kuma da wannan ne kaɗai da sauƙi. Na kai ido inda ma'ajiyar ke zama, ƙarfen nan mai nauyi da duk abin da aka rubuta ke kwana a cikinsa, wanda Kawu ke kira rumbu. Wayoyinsa biyu suna reto. A gurbinsa gwangwanin madara ne da murfi. Na ciro shi na buɗe. Sukari ne mai ƙwaya, ya kai rabi.

Hajiya ta leƙa, ta kama baki. "Wanga mutum. Shekara shidda ina dama mai kunu ba sukari, ina jin tausayinai. Ashe ga inda shi ka zuwa." Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Na gane akwatin: gawar wata kwamfuta ce da Kawu ya cire wa kayan ciki ya gyara wasu, ya bar kwangon saboda yana da kyau kuma yana da murfi. Ban gaya mata ba. Na ce akwai wani abu da ya rage a wurin Kawu Ƙarami, bari in je in karɓo.

Na same shi a rumfarsa, ana zuba albasa a buhu. Mutum ne mai zafin nama, shi ya tsaya a kan komai na jana'izar, kuma ya yi wa yayansa kuka a bainar jama'a. Na tambaye shi ko akwai wani akwatin a ɗakin, ƙarƙashin tebur, a kan bulo.

Ya ce, "Awo, wani ruɓaɓɓen ƙarhe, cikinai waje, an ɗaɗɗaure da roba. Shi da matacciyar tafireta da wasu tarkace na ba 'yan gwangwan. Mai kyawon shi nik kai ma Hajiya."

Na ce, "Kawu, littafin yana cikin ruɓaɓɓen."

Ya ce, "A'a. Rubutun cikin gilashi shi ke, da idona nig gane shi. Shi ya sa nic ce a naɗe shi da zane." Ya faɗi haka da ƙarfin gwiwa, sannan ya dubi fuskata. Na ga maganar tana shigarsa a hankali. Ya saki bakin buhun da yake riƙe da shi, albasa ta gangaro ƙasa, bai sunkuya ba. Ya ce, "Na zaɓi mai kyau na. Wallahi don girmama shi niy yi."

Na san haka ne. Da a ce na shiga ɗakin nan ko sau ɗaya a ranakun makoki, da nuni ɗaya ya isa. Ina cikin gidan ranar da aka fita da akwatin, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Shi ya ɗauke ni a mashin zuwa bayan kasuwa, inda 'yan gwangwan ke tara kayansu. Tulin ƙarafa ne ya fi tsayin mutum, ga tsofaffin tukwane, ga ƙafafun keke, ga kan injin ban ruwa. Mai wurin ya saurare mu da ladabi, ya yi mana gaisuwar rashi, sannan ya ce, "Malama, kayan mako ukku? Ai sun daɗe da kai Kudu. Mu nan ba mu aje kaya. Irin wanga guduma muka sa mai, mu hidda jan ƙarhe, saura a ɗora ma mota." Na kwatanta masa rumbun da hannu. Ya ce wani lokaci sukan ware irinsu saboda ƙarfensu daban ne. Ya jawo wani tsohon daro, a ciki akwai guda biyar, wasu da alamar guduma a bayansu. Ya ce in tafi da su duka, Allah ya sa a dace.

Duk da haka sai da muka tona tulin. Kawu Ƙarami ya cire babbar riga ya shiga da hannu, ƙarfe ya yanke shi bai kula ba. Ina neman baƙar roba da aka ɗaure waya da ita, ko wani abu da zan ce nasa ne. Har aka kira la'asar ba mu ga komai ba.

Mako guda na yi ina gwada rumbunan nan biyar a makaranta, bayan an tashi. Biyu ba su motsa ba. Ɗaya ya yi ta ƙwas-ƙwas kamar kaza tana tsattsagar tire, sannan ya yi shiru. Ɗaya ya buɗe, babu komai a ciki. Na ƙarshe ya buɗe da hotunan bikin wasu mutane da ban sani ba, amarya da ƙawayenta cikin anko ruwan hoda. Na daɗe ina kallonsu. Wataƙila su ma akwai mai nemansu a wani gari.

Na je Giwa Tazo, ko akwai wanda Kawu ya taɓa karanta wa wani abu. Tsofaffin da ya zauna da su babu ko ɗaya a raye. 'Ya'yansu sun tuna zuwansa, sun tuna mashin ɗin da yadda yake ƙin cin abinci sai ya gama tambaya, amma abin da iyayensu suka gaya masa ba su riƙe ba. Wani ya ce mini, "Ai mun saki jiki, mun ce Mai Tafireta ya rubuta." Na gwada in jera kakanninmu da kaina, na kai na uku na tsaya. Mahaifiyata ta ƙara mini ɗaya, shi ma ba ta tabbata ba ko suna ne ko laƙabi.

Na rubuta wannan ne don kada shi ma ya bi su. Ba shi da ɗa, littafinsa ya tafi a motar gwangwan, wasiƙun da ya buga wa mutane kuwa ba sunansa ne a ƙasansu ba. Abin da na iya tattarawa ke nan, kuma na san bai kai komai ba. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da duk zumuncin da ya ɗinke a ɓoye. Allah ya yafe masa sukarin da ya sha a bayan idon matarsa, ni kuma ya yafe mini jinkirina.

Hajiya ce ta rage. Na yi ta ɗaga zuwa, har ta sake aikowa. Kawu Ƙarami ya daina shiga gidan, sai dai ya aiko da cefane ya tsaya a zaure. Na same ta bayan la'asar tana tsince shinkafa a faifai. A hanya na yi tunanin in ƙirƙiro mata wani abu, in ce na samo shafi ɗaya, in karanta mata kalaman da kowace mace za ta so ji. Na san salon rubutunsa, zan iya. Amma da na zauna gabanta na ga ba zan iya sa masa magana a baki yana kabari ba, kuma ita ta zauna da shi shekara arba'in, za ta gane.

Na gaya mata komai, daga kwangon har daron 'yan gwangwan. Ba ta katse ni ba, hannunta bai daina tsinta ba. Da na gama ta ce Allah ya ƙaddara haka, kada in riƙe Kawu Ƙarami a zuciya, in gaya masa ya shigo. Can ta ce, "Ke ba ki taɓa ganin nawa ba? Ko kaɗan?"

Akwai abu ɗaya da na gani, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da muka yi faɗa, ina tsaye a bayansa, jerin babobin littafin yana kan allo, kowanne da yawan shafinsa a gefe. Akwai na yunwa, akwai na fadama, akwai na rugage. Can ƙasa akwai wanda ya sa wa sunanta na yanka, ba Hajiya ba. Ban karanta ko layi ba, raina a ɓace yake, ƙofa nake nema. Na gaya mata haka.

Ta ce, "Shina da tsawo?"

Na ce, "Shafi goma sha ɗaya."

Ta ajiye faifan a ƙasa. Ta tambaye ni shafi ɗaya magana nawa yake ci, na ce in za a karanta a hankali, goma sha ɗaya zai kai daga la'asar zuwa kusan magariba. Ta juya ta dubi ƙofar da ke fita zaure, ta daɗe.

"Mutumin da sannu ka yi mai wuya," ta ce. "Mi yas samu na hwaɗi a kaina har haka?"

Ta juyo tana kallona, tana jira.